Yadda muka shiga Alhamra ni da Malam, saura ƙiris fasfo ya ja mana asara

Wani kwas na sati ɗaya ne ya kai mu Madrid cikin watan Nuwamba, mu biyu daga wurin aikinmu, ni da wani dattijo da duk ofis Malam muke ce masa saboda kafin ya dawo wajenmu Larabci ya koyar shekara da shekaru. Tun muna Abuja muna fama da takardun biza, su inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da bayanan banki da shaidar otal, yake ta nanata min cewa shi fa in har ƙafarsa ta taka Sifaniya bai ga Garanada ba to a wajensa bai je ba. Ni kuwa gaskiya filin Real Madrid ne a raina, Garanada dai na san sunanta a darasin tarihi, wai ita ce garin ƙarshe da ya rage a hannun musulmi a Andalus, iyakar sanina kenan.

To da yake ni ne yaro kuma ni ne mai latse-latsen waya sai shirya tafiyar ya faɗo kaina. A lissafina ranar Juma'a mu hau jirgin ƙasa, Asabar da safe mu je bakin ƙofar Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan musulmi da ke Garanada, mu yanki tikiti mu shige kamar yadda ake shiga gidan zu. Ranar Litinin wajen shan shayi nake ba wata mata 'yar ƙasar da muke kwas tare labari, kawai sai ta ajiye kofinta ta ce kun sayi tikitin Alhamra? Na ce sai mun je. Wallahi kallon da ta min kamar na ce zan je Hajji ba kujera. Ita ta fahimtar da ni cewa akwai adadin mutanen da ake bari su shiga kullum, kuma tikitin yakan ƙare tun saura makonni, sannan ba tikiti ne kawai ba, sunanka da lambar fasfonka ake bugawa a jiki, da kuma lokacin da za ka shiga ɓangaren fadojin sarakunan Banu Nasr, kuma wannan lokacin in ya wuce ka ya wuce, babu wani don Allah don Annabi.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da ka rubuta sunan wurin a Google waɗanda ke fara fitowa a sama 'yan kayi-nayi ne, shafinsu ya sha ado kamar na gaske amma kuɗin ya ninka ko ma fiye, sai da na yi ta gangarawa kafin na samu na ainihin hukumar da ke kula da wurin inda kuɗin yake wajen Yuro 20 kan mutum ɗaya. Nan ma akwai tarko, domin tikitin kala-kala ne, akwai mai arha da zai kai ka lambuna da ganuwa kawai ban da fadojin, akwai na dare, sai kuma cikakken da ya haɗa komai, kuma da yawa wai sai sun je bakin ƙofar fada suke gane mai arhan suka saya. Na duba Asabar, babu ko ɗaya. Lahadi ma haka. Matar nan ta ce in riƙa leƙawa da daddare da kuma sassafe don wani lokaci akan dawo da wasu, haka na zama maigadin shafi, ina cikin aji ina leƙawa, ina banɗaki ina leƙawa, sai daren Laraba wajen sha biyu da wani abu na ga guda biyu sun ɓullo, Asabar ƙarfe 10:00 na safe. Hannuna har rawa yake wajen kwafar lambar fasfon Malam, na zo biya kuma katin naira ya ce bai san zancen ba, sau uku yana dawo da ni, sai da na buga wa Malam ƙofa tsakar dare ya fito da zani a ɗaure ya ba ni katin dalarsa. Da saƙon ya shigo imel na yi hoton tikitin na tura masa a WhatsApp, na kuma sa aka buga mana a takarda da safe don ban yarda da cajin wayata ba.

Ranar Juma'a da rana muka hau jirgi a tashar Atocha, sai an saka jaka a na'ura kamar filin jirgin sama amma ba wani daɗewa, tafiyar awa uku da rabi ce ko ƙasa kaɗan. Hanya duk itatuwan zaitun ne a jere har iya ganinka. Da aka tsaya a Kordoba Malam ya manna fuska a gilashi ya ce kai yaro, ka san nan ne Ƙurɗuba, garin mai tafsirin nan da ake ja a zaure? Daga nan fa bakinsa ya buɗe, wai littafin Tuhfa da alƙalanmu suka daɗe suna karantawa, Ibn Asim da ya rubuta shi alƙalin Garanada ne, kuma mutanen Andalus Malikawa ne irinmu, har kalmar da 'yan Sifaniya ke kiran shugaban gari da ita, alkalde, wai asalinta ɗaya da alƙali namu. Ni dai ina to Malam, to Malam, rabin hankalina na kan abin da za mu ci.

Maganar abinci kuwa, duk wanda zai je ya shirya. Kusan kowane gidan abinci ka leƙa cinyoyin alade ne a rataye a sama kamar an shanya kilishi, kuma al'adar garin in ka sayi abin sha ko da lemo ne sai a haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, wanda sau da yawa da naman a ciki. Abin da ya cece mu wani ɗan lungu ne mai hawa kusa da dandalin Plaza Nueva inda otal ɗinmu yake, Calderería Nueva sunansa, shagunan 'yan Maroko ne a jere da shayin na'a-na'a da kuskus da tajin, ka yi sallama a amsa maka. Kuma ba sa cin abincin dare da wuri, ƙarfe tara ne gari yake fara cika.

Asabar da safe sanyi kamar tsakiyar hunturun Jos ko ma ya fi, Malam ya saka jaket a ciki ya ɗora babbar riga a sama da hularsa zanna, yara sai kallonsa suke wasu har da ɗaukar hoto. Akwai ƙananan bas jajaye masu hawa sama, C30 da C32, amma ya ce shi da ƙafa zai hau kamar yadda mutanen da suka hau. Muka bi titin Gomérez, muka wuce wata ƙofa mai zanen rumman a kai, ashe ma sunan garin a yarensu rumman yake nufi shi ya sa har ƙarafunan bakin titi siffarsa ce, sai ga mu cikin daji mai dogayen itatuwa ruwa na gudu a 'yan kwatoci gefe da gefe. Hawan ba wasa ba ne, sau biyu Malam yana tsayawa wai yana kallon itace, ni na san numfashi yake nema.

Matar nan ta riga ta ba ni wata dabara, cewa tunda muna da tikiti a hannu kar mu wahalar da kanmu zuwa babbar mashiga da ke can ƙarshe, daga can zuwa fadojin tafiyar kusan minti ashirin ce, mu shiga ta Babus Shari'a wadda suke kira Puerta de la Justicia. Sarki Yusuf na ɗaya ne ya gina ta a 1348, a saman bakan waje an sassaƙa tafin hannu, a na ciki kuma mabuɗi, kuma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce sai ka karya kwana ka sake karyawa kafin ka fita, na ce Malam wannan ai zaure ne, ya ce to da me ka ɗauka. Bangon ma ja ne, ƙasa ce aka daddaƙe da farar ƙasa da tsakuwa, daga nan ake cewa sunan ya samo asali, Alhamra wato ja, in ka taɓa ganin ganuwar Kano ba zai maka baƙo ba sai dai tsayi.

Ƙarfe tara da kwata muna gaban layin fadojin, ina jin kaina gwanin shiri, sai na ce Malam kawo fasfonka in haɗa da tikitin. Ya laluba aljihun babbar riga ya zaro wata takarda a ninke. Fotokwafi. Na ce Malam ina na gasken? Ya ce yana cikin akwati mana, wa ya ce maka ana yawo da fasfo a garin mutane, in ya faɗi fa? Na ɗauki takardar na nufi wata ma'aikaciya da ke tsaye da na'urar duba tikiti, ta kalla ta girgiza kai ta ce sai na asali, cikin fara'a ta faɗa amma ka san irin fara'ar da babu canji a bayanta. Kuma ba laifinta, a jikin tikitin ma an rubuta, ni ne ban karanta wa Malam ba na ɗauka ya sani.

Ban tsaya wata magana ba na karɓi makullin ɗakinsa na ce Malam don girman Allah kar ka motsa daga nan. Gangaren nan da muka hau cikin kusan rabin awa na sauke shi cikin minti goma ina gudu kamar an biyo ni, na hau bene, na zazzage akwatin bawan Allah a kan gado, fasfo na can ƙasa cikin safa an naɗe shi da leda, na fito na tari tasi a Plaza Nueva ina nuna wa direba agogo ina cewa Alhambra, Justicia, shi kuma ko a jikinsa, da alama ya saba ganin irina. Goma saura minti shida na iso jiƙe da gumi cikin wannan sanyin, na tarar da Malam ya samu wasu 'yan Indonesiya yana musu bayanin tarihi hankalinsa kwance. Aka duba tikiti, aka duba fasfo, aka ce in juyo da jakata ta goyo zuwa gaba kar ta gogi bango, manyan jakunkuna ma ba a shiga da su sai an ajiye, muka shige.

Ɗakin farko da ake kira Meshuwar bai wani girgiza ni ba, na ma fara cewa a raina a kan wannan na kusa karya ƙafa? Nan sarki yake sauraron ƙara, kuma an yi ta canja masa fasali bayan Kiristoci sun karɓa. Amma a ƙarshensa akwai ɗan masallaci da ya karkace daban da sauran ginin saboda alƙibla, da mihrabinsa, tagoginsa na kallon unguwar Albaisin. Daga nan sai wata 'yar siririyar hanya mai duhu da kwana, kana fitowa sai ka ji bakinka ya buɗe da kansa, wani dogon tafki ne a tsakar gida ya fi mita 30, ruwan a kwance ko motsi babu, hasumiyar Komares gaba ɗayanta a cikinsa a kife. Daga waje ginin nan ba ka ce komai ba, bango ne kawai, duk kwalliyar a ciki take, irin dai gidan mutanen da, na waje ya ga soro, na gida ya ga tsakar gida.

A nan ne na gane amfanin zuwa da Malam. Abin da ni da sauran 'yan yawon buɗe ido muke ɗauka zane ne a bango, ashe yawancinsa rubutu ne, bangon gaba ɗaya magana yake. Ya nuna min wata jimla ya ce karanta, na yi ta ƙoƙari da ɗan Larabcin Islamiyya na har na haɗa, wa la galiba illallah, babu mai rinjaye sai Allah, taken gidan sarautar kenan tun daga Muhammad ɗan Ahmar da ya fara ginin a 1238. Da idona ya gane ta sai na riƙa ganinta ko'ina, a saman ƙofa, a kan ginshiƙi, a cikin tayil, ta maimaitu har ba ta ƙirguwa. A babban ɗakin karɓar jakadu kuwa ya ɗaga kai ya yi shiru, rufin katako ne guntu-guntu sama da 8,000 aka harhaɗa, taurari hawa-hawa suna wakiltar sammai bakwai, sai ya nuna min layin rubutun da ke ƙarƙashin rufin ya fara karantawa a hankali, Tabaraka ce, suratul Mulk, wadda a cikinta aka ambaci sammai bakwai ɗin. Wato mai ginin aya ya karanta ya mayar da ita rufi, kuma sarki a ƙarƙashinta yake zama yana karɓar baƙi. Wani Bature da ke gefenmu ya cire abin sauraron da ke kunnensa ya matso yana jin Malam, ko ya gane ko bai gane ba oho.

Sai tsakar gidan zakuna, wadda ita ce ake gani a hotuna, ta zamanin Muhammad na biyar. Zakuna 12 na farin dutse sun goya wani babban tasa ruwa na fita ta bakinsu, ya rabu hanya huɗu ya shiga ɗakuna, ginshiƙai 124 sirara kamar ka ture da hannu. Gaskiya zakunan kansu ba su cika kama da zaki ba, ni sun fi min kama da ƙosassun kyanwoyi, kuma cunkoso a wurin ya yi yawa kowa na neman hoto ba kowa a bayansa, abin da ba zai yiwu ba. Amma rufin ɗakunan gefe, kai. Kamar saƙar zuma aka kife a sama, 'yan ramuka dubbai, haske na shigowa ta ƙananan tagogi sai ka ga kamar abin yana lilo. A ɗaya daga ciki akwai wani jan tabo a cikin kwarmin ruwa wai jinin mutanen gidan Banu Sarraj ne da aka yanka a wurin, Malam ya ce hikaya ce, tsatsa ce kawai. Baitocin da ke zagaye da tasan zakunan da na ɗakin da ake kira na 'yan'uwa mata biyu na Ibn Zamrak ne, wazirin sarkin, Malam ya tsaya yana warware su ɗaya bayan ɗaya har ma'aikaci ya zo ya mana alama mu matsa gaba, domin hanyar ɗaya ce in ka wuce ba komawa baya.

Mun fito wajen sha biyu. Fadar da sarki Karlos na biyar ya sa aka fara a 1527 tana nan a maƙale da su, ƙatuwa, waje murabba'i ciki da'ira, a wani garin da abin kallo ce amma a nan kamar an ajiye tirela a tsakiyar falo, minti biyar muka yi muka fita. Muka hau Alkasaba, ɓangaren sojoji, har saman hasumiyar da aka kafa tuta ranar 2 ga Janairu 1492 da Abu Abdullahi, sarkin musulmi na ƙarshe wanda suke ce wa Boabdil, ya miƙa garin ga sarakunan Kiristoci Fardinan da Isabela. Daga can kana ganin garin duka da duwatsun Sierra Nevada da fari-farin ƙanƙara a kansu, mafi tsayinsu ma Mulhasen sunan uban Boabdil ɗin ne, Maulaya Hasan. Na kawo labarin nan da ake yawan faɗa na cewa ya waiwayo yana kuka uwarsa ta gaya masa magana, Malam ya ce shi ma wannan bai da tabbas, abin da yake da tabbas shi ne rigimar cikin gida, uba da ɗa da baffa kowa na jan sarauta abokan gaba na bakin ƙofa.

Lambun Janaralife, wato Jannatul Arif, sai an ɗan taka, kuma a lokacin ƙafata ta fara ba ni labarin gudun safe. Abin da ya fi burge ni can ba furanni ba ne, ruwa ne. Wurin nan a kan tudu yake, babu famfo babu inji, sai suka je can sama wajen kilomita 6 suka tare kogin Darro suka janyo shi ta magudana a gefen dutse har ya iso, ya shayar da lambu, ya gangara fada, har akwai wata matattakala da ruwan ke bi ta kan hannunta kana hawa yana sauka. Na daɗe a tsaye a wurin ina tuna unguwarmu da 'yan garuwa.

Babu wurin salla a ciki, don haka muka sauko muka hau bas C31 zuwa Albaisin, lunguna ƙanana masu duwatsu da fararen gidaje, mota da ƙyar take kutsawa. Can sama kusa da dandalin San Nikolas akwai masallacin da aka buɗe a 2003, muka yi alwala da ruwa mai sanyin tsiya muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru. Dandalin cike yake da masu kiɗa da masu jiran faɗuwar rana, amma lambun masallacin shiru kuma Alhamra ɗin ce dai a gabanka, sai muka zauna nan. Malam ya ce ka san akwai ɗan garin nan da ya rubuta labarin Kano? Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, a nan aka haife shi wajajen faɗuwar garin, iyayensa suka yi hijira Fas, a littafinsa da aka buga a 1550 ya kawo Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Kafin shi kuma akwai Abu Ishaƙ Assahili, shi ma ɗan nan, da ya haɗu da Mansa Musa a Hajjin 1324 ya bi shi Mali, a Tumbutu ya rasu. Rana ta yi ƙasa bangon nan ya koma ja sosai kamar garwashi, ladan ya hau hasumiya ya kira Magariba, ni dai ban ji lasifika ba muryarsa ce kawai, Malam ya cire tabarau yana goge ido ya ce sanyi ne.

Lahadi da safe muka ɗan zaga cikin gari kafin jirgi, muka leƙa makarantar da Yusuf na ɗaya ya gina a 1349, ɗakin sallarta ne kawai ya rage da adonsa, kuma tana kallon cocin da aka binne Fardinan da Isabela, taku kaɗan ne tsakani. A wajen ne wata mata ta cusa min wani ɗan ganye a hannu ta kama tafina za ta fara duba, kafin in ankara Malam ya fizge ni ya ce a'uzubillahi, ashe kuɗi za ta nema. Ƙarfe uku muna cikin jirgi, fasfon Malam yanzu a aljihun gaba yake yana taɓa shi duk bayan minti goma, cinyoyina kuwa ko miƙewa ba na iya yi. Filin Real Madrid dai ta gilashin tasi na hango shi da asubar Litinin muna hanyar filin jirgi.